Miliyan 18 a hannu, ana son titan ta hannu a Damagaram: daga ina za a fara?

"Assalamu alaikum Alhaji. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, harkar wake da gero nake yi. Na daɗe ina biyan masu mota kuɗin dako, har na ga gara in mallaki tawa. Na tara miliyan 18 na sefa. Wani dillali ya turo mini hotunan kan DAF da rimok daga Lome, ya ce da miliyan 17 da rabi za a kawo mini su har gida. Wasu kuma na ce mini in je Kano in sayi Howo ta hannu. Wacce ta fi? Kuma kuɗin nan za su isa?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa abin da ka tara albarka. Na karanta tambayarka sau biyu, kuma abin da na fahimta shi ne kana tambayar abu biyu a haɗe: wace mota za ka saya, da kuma ko kuɗinka za su ɗauke ta. Ni kuwa a wurina na biyun ne babba, domin shi ke yanke na farko. Na fara wannan harka ina karen mota a hanyar Agadas, na riƙe sitiyari shekaru, yanzu ina da gareji da motoci kaɗan da ke yi mini aiki. A cikin mutanen da na ga sun shiga harkar titan, wato babbar mota mai kai da rimok (tirelar da kan ke ja), suka fita da hawaye, kaɗan ne muguwar mota ta kayar. Yawancinsu sun zuba kuɗinsu kakaf a ranar saye, mota ta iso, babu na taya, babu na gazuwal, babu na jiran lodi.

Saboda haka ga amsata tun daga farko, sai in kawo maka dalilai. Idan miliyan 18 ne duk abin da ka mallaka don wannan harka, kuɗin motarka miliyan 12 ne. Sauran 6 ɗin na ranar da ta iso ne da watanni uku na farko. Cinikin miliyan 17 da rabi ɗin nan ya fi ƙarfinka, ko da kuwa dillalin waliyyi ne.

Inda kashi ɗaya bisa ukun nan ke tafiya

Mu fara da taya, don ita ce ke fara buɗe wa sabon mai mota ido. Kan mota mai aksil biyu a baya yana kan taya 10. Rimok mai aksil uku, idan tayoyinta bibbiyu ne kamar yadda ake so a hanyoyinmu, taya 12 ce. Ka ga 22 ke nan, ban da ta ko-ta-kwana. Ban taɓa sayen mota ta hannu da ban sauya mata aƙalla rabin tayoyinta cikin wata biyu ba. Mai sayarwa ya san zai rabu da ita, ba zai sa mata sabbi ba, wani ma cire masu kyan yake yi ya maida a wata motarsa daren da za a zo gani. Ka je wurin masu sayar da taya ka tambayi kuɗin 315/80 R22.5 guda ɗaya yau, ka ninka sau goma, za ka ga inda miliyan ɗaya da wani abu ko biyu suka shige.

Sai juyen mai gaba ɗaya: baƙin man inji, man giya, man pon (wato na aksil ɗin baya), duk filtoci, batir biyu, belt, takalmin birki. Kada ka yarda da "ba a daɗe da yi mata ba". Sai takardu: sauya kartigiris, wato takardar mallakar mota, zuwa sunanka, asirans, bizit na duba lafiyar mota, da sauran abin da ake biya kafin motar haya ta hau kwalta. Sai tamfol da igiyoyi da jak da sifana. Sai kuma babban, wato kuɗin tafiya. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa da dawowa 1,800. Tsohuwar titan da lodi, a lissafin da nake yi wa nawa, tana shan lita 45 a kilomita 100, wani lokacin fiye. Lita 800 ke nan. Mu ce lita ɗaya sefa 600 don sauƙin lissafi, ka ga kusan rabin miliyan ya tafi a gazuwal kaɗai, ba a yi maganar kuɗin hanya na direba da yaransa ba, da peyaj, da abin da shingaye ke ci. Mai kaya kuma sau da yawa rabi yake bayarwa a wurin lodi, sauran sai an sauke, wani sai ka yi sati uku kana bin sa. Wanda ba shi da abin yin tafiya biyu ko uku daga aljihunsa, motarsa za ta kwanta tana da lafiya.

Kaya kafin mota

Kai kana da abin da yawancin masu tambayata ba su da shi: kana da kayan kanka. Amma ka zauna da littafinka ka ƙirga, a bara buhu nawa ka yi dako, zuwa ina, a waɗanne watanni. Na san harkar wake da gero: daga kaka zuwa tsakiyar rani ne take da zafi, damina kuwa sai a hankali. Titan tana son ta ɗauki tan 30, wato buhun siminti 600, tana kuma son ta samu na dawowa. Idan ta tafi cike ta dawo wayam, ribar tafiyar ta ƙone a hanya. Shin kayanka za su cika ta sau uku a wata? Idan ba za su cika ba, wa zai ba ka sauran? Masu siminti, masu taki, masu ridi, masu kanwa, ko kuwa layi za ka bi a tasha?

Akwai kuma maganar inda kayanka suke fitowa. Wake ba a bakin kwalta yake tsirowa ba. Kasuwannin da kake saye, wajen Bakin Birji da Tanut, ko can ƙasar Dungas da Magarya, da yawansu sai an bar kwalta an shiga burji ko rairayi. Kan Turai mai aksil ɗaya a baya, da rimok mai tsawon mita 13 da rabi a bayansa, rairayi kaɗan ke zaunar da shi. Dis-ru, wato mai taya goma da bodinta a jikinta, tana shiga inda titan ba ta isa ba, tana ɗaukar tan 15 zuwa 20, tayoyinta ba su kai rabin na titan ba, kuma kana cika ta da kayanka kai kaɗai ba tare da jiran kowa ba. Daga nan zuwa kasuwar Dawanau da ke Kano ta Matamaye da Ɗan Barto da Daura bai kai kilomita 250 ba. A irin wannan gajerar hanya, dis-ru mai lafiya da ke zuwa sau biyu a mako ta fi titan da ke kwana goma tana jiran cikon lodi. Na san ba ita ka tambaya ba, na kuma san titan ce ke da kwarjini idan ta tsaya a ƙofar gida. Amma da ni ne ke riƙe da miliyan 18 ɗinka, da kayan da ka faɗa, dis-ru zan fara nema, in bar titan sai ta haifa mini ita.

In kuwa ka duba ka ga lallai kana da doguwar hanya da lodi tabbatacce, to mu ci gaba da maganar kai da rimok.

DAF ko Howo

Ba sunan mota ake saye ba, ana sayen wadda makaniken garinku ya sani, wadda kuma kayan gyaranta ke kusa. Wannan ita ce ƙa'idata. DAF ta samu gindin zama a ƙasar Hausa ne saboda Najeriya ta cika da ita, duk abin da ya lalace a jikinta, in babu a Damagaram, a Ƙofar Ruwa ta Kano za a same shi, a sa a mota da safe ya iso da dare. Mercedes Actros ma haka, ga ƙarfi ga juriya, sai dai giyarta ta iska da lantarki ce, ranar da ta ƙi shiga sai an nemo mai kwamfuta. MAN da Renault akwai masu hannu a kansu a nan, musamman Renault da muka gada tun zamanin Berliet. Kerax ta Renault kuwa an yi ta ne don wahala, ita da burji sun san juna.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne zamanin injin. Turawa suna da matakan tsabtar hayaƙi da suke kira Euro. Euro 3 ta fara wajen shekarar 2000, Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2008, Euro 6 kuma daga ƙarshen 2013. Duk matakin da aka hau, sai an ƙara na'urori a kan salansa da kwamfutar da ke lura da su. Daga Euro 4 yawancin manyan motoci suna shan wani ruwa na daban da ake kira AdBlue, idan ya ƙare ko na'urarsa ta samu matsala, kwamfuta ce ke rage wa injin ƙarfi da kanta, kana tsakiyar daji tsakanin Gure da Maine Sorowa. Euro 6 ta ƙara da matatar toka a salansa, mai toshewa. Ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ga gazuwal ɗin ƴan ruwa-ruwa da direba zai zuba a hanya ba da saninka ba. Mai ƙaramin ƙarfi Euro 3 ce tasa: DAF XF95 ko CF ta wannan zamanin, ko MAN TGA ta farkon fitowa, mai giyar hannu irin ta ZF 16, ko kuma Actros ta farko ko ta biyu. Gaskiya sun tsufa, yawancinsu sun haura shekara 20. Amma tsufansu na ƙarfe ne, wanda ido ke gani, sifana ke gyarawa.

Howo kuwa ban raina ta ba, ina da guda. Tana zuwa da aksil biyu a baya, da sifirin mai kauri, da inji marar wayoyi da yawa, kayan gyaranta kuma araha ne ƙwarai tun da manyan kamfanonin siminti na Najeriya suka cika hanya da ita. Amma ka lura da kyau. Howo ta hannu iri biyu ce. Akwai wadda aka sabunta a Chana, aka fesa mata fenti aka sa mata kujeru sabbi har da leda, a takarda a ce shekararta biyar, alhali shasinta ya yi aikin haƙar ma'adinai shekara goma. Akwai kuma wadda ta yi aiki a Najeriya, direbobi goma sun riƙe ta, ta ɗauki obalodi har ta gaji. DAF ƴar Beljiyam mai kilomita miliyan ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta da tan 24 a bayanta, sau da yawa ta fi Howo mai rabin wannan tafiyar lafiya. Howo ƙananan abubuwa ke yawan damun ta, yoyon mai nan, ƙusa ta kwance can, sai dai gyaranta ba ya karya aljihu. DAF takan daɗe ba ta yi tari ba, ranar da ta yi kuwa za ka ji a jikinka.

In a Najeriya za ka saya, akwai abu biyu. Na ɗaya, motocin da suka fito daga Ingila sitiyarinsu a dama yake, ana mayar da shi hagu a gareji. Wani aikin yana kyau, wani kuwa walda ce a kan sandar sitiyari, da rayukan mutane a kai. Ka leƙa ƙarƙashin dashbod da gaban kabin, za ka ga tabon inda aka yanke. Na biyu, kuɗin fiton da aka biya wa kwastan ɗin Najeriya ba ya wanke ka a wurin duwan ɗin Nijar. Sabon lissafi ne. Ka je ofishin duwan na nan Damagaram ko wurin tiranziter, wato mai fitar da kaya daga duwan, mai lasisi, da shekarar motar da lambar shasinta, a faɗa maka abin da za ka biya da ko shekarunta sun halatta shigowa, tun kafin ka ba da kafin alƙalami.

Cinikin biri a sama

Yanzu maganar hotunan nan na Lome. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Nijar da Benin ta Gaya da Malanbil, hanyar Kwatano da muka saba ta toshe, kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Dori da Tera da rakiyar sojoji. Hanyar ta ƙara tsawo, ga jiran ayari, ga kuɗin da ke ƙaruwa kowace rana da mota ta kwana. Wanda ya ce maka "har gida" sai ya rubuta maka abin da "har gida" ta ƙunsa: kuɗin tasha, gazuwal, direban da zai kawo, fito, da wanda zai ɗauki asara idan ta lalace a hanya. Kuma lissafin yuro ba ɓoyayye ba ne, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Motar yuro 10,000 a Turai miliyan 6 da rabi da ɗoriya ce kafin ta hau jirgin ruwa. Idan ka ɗora jirgi da tasha da fito da ribar mutum biyu ko uku, sannan aka ce maka kai da rimok duka miliyan 17 da rabi, sai ka tambayi kanka nawa aka sayi ita kanta motar, kuma me ya sa ta yi wannan arahar.

Ni an taɓa yi mini. Shekarun baya na tura kuɗi a kan hoto da bidiyo, ta hannun wani da na yarda da shi. A bidiyon injin na kaɗawa sumul. Motar ta iso da ƙafarta, na yi murna, na yi mata lodin farko zuwa Difa. Ba ta wuce Gidimuni ba ruwa ya fara tafasa. Da muka buɗe, kan injin ya tsage, an zuba maganin toshe yoyo a lagireto don ta kai kanta wurin mai saye. Wata huɗu tana zaune a gareji, kaka ta wuce a kan idona, na sayar da fili na tayar da ita. Tun daga ranar ban ƙara sayen motar da ban ɗora hannuna a kan injinta ba. In ba za ka iya zuwa Lome ba, ka biya wa makanikenka kuɗin mota da masauki da ladansa ya je. Jika ɗari uku ko huɗu da za ka kashe a nan su ne kuɗi mafi amfani a cikin cinikin gaba ɗaya. Kuma makaniken ya zama naka, wanda zai ci gaba da gyara ta, ba wanda dillali ya kawo ba.

Yadda nake duba mota

Da asuba nake zuwa, kafin mai ita ya iso in da hali, kuma nakan ce kada a tayar da ita. Abu na farko, in ɗaga kabin in ɗora tafin hannuna a jikin injin. In na ji ɗumi, an riga ni, akwai abin da ake ɓoyewa, sai in ce gobe na dawo. Inji mai sanyi ba ya ƙarya. A murɗa makulli, in ga ko ta tashi bugu ɗaya ko sai ta yi ta ja. In tsaya bayan salansa. Ɗan farin hayaƙi na minti ɗaya a sanyin safiya ba komai ba ne. Shuɗi mai ɗorewa, tana cin baƙin mai, ringi ko turbo sun gaji. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan ta yi zafi, ruwa ke shiga wuta. Baƙi kuwa yawanci nozul ne ko filtar iska, shi ne mai sauƙi a cikinsu.

Sai in buɗe murfin da ake zuba baƙin mai tana kaɗawa, in ɗora shi sako-sako a bakin. In ya zauna yana ɗan rawa, lafiya. In hucin ciki ya yi ta tunkuɗo shi, hayaƙi na fitowa bugu-bugu kamar tukunyar ɗanwake, injin yana neman a sauke shi, ka cire kuɗin wannan aikin daga farashi ko ka yi sallama. In zaro sandar gwajin mai in murza a yatsa: in ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. In leƙa tankin ruwa, tun da sanyinsa, in ga ko akwai maiƙo a sama ko kumfa na tasowa idan an taka totur. Inji da aka wanke fes yana ƙyalli ya fi ba ni tsoro a kan mai ƙura, domin ƙura ce ke nuna mini inda yake yoyo.

Mitar kilomita kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya kamar agogo. Kan titan a Turai yana cin kilomita 100,000 ko fiye a shekara. Motar 2004 da ke nuna 600,000, ka san an taɓa. Ka dubi fedar kuloci, da sitiyari, da gefen kujerar direba, su ba a mayar da su baya. Sai iska: a bar ta ta cika tankunanta har allura ta tsaya, a kashe inji, a taka birki a riƙe, a yi shiru. Kunnenka zai gaya maka inda take fita, allura kuma in tana sauka kana kallo, akwai aiki.

Daga nan sai in shimfiɗa buhu in shiga ƙarƙashi da tocila. Nan ne ake sanin gaskiya. Inji ana sauya shi, giya ana sauya ta, amma shasin da ya tsage ko ya karkace ya tafi ke nan, duk waldar da aka yi masa wata rana a gefenta zai sake buɗewa. Ina bin dogayen ƙarafan nan biyu daga gaba har baya, musamman wajen maƙalar sifirin da ƙarƙashin farantin da rimok ke hawa. Duk inda na ga sabon baƙin fenti a wuri ɗaya, sai in kankare da sukudireba. Farantin kansa, a haɗa rimok a ja gaba a ja baya, in ana jin ƙwal-ƙwal, ko muƙamuƙinsa ko ƙusar rimok ɗin sun cinye. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 kuma in karanta ta da idona a jikin ƙarfe, in gwada da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. In akwai alamar an goge an sake bugawa, ko kyauta aka ba ni ba na so.

Ba na gama ciniki sai an yi mata lodi an hau hanya. Mota wayam kowace lafiyayya ce. A ɗora mata ko tan 20 ne, a yi kilomita 30 a hanyar Mirya ko ta Tanut, a bi giya duka, ƙanana da manya, ana kallon allurar zafi da ta ƙarfin mai. In an tsaya, in zagaya in taɓa cibiyar kowace taya, wadda ta fi sauran zafi tana da magana. Mai motar da ya ƙi a yi wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Rimok

Mutane kan zuba ido a kan kai su ɗauki rimok kamar gyara, alhali ita ke ɗauke da dukiyar. Rimok ɗin Turai mai labule, da taya ɗai-ɗai shida da balan-balan na iska a madadin sifirin, an yi ta ne don tan 24 a hanya mai santsi. A gargadarmu balan-balan ɗin na fashewa, kuma taya ɗaya in ta tashi babu ƴar'uwa a gefenta da za ta riƙe. Falato mai sifirin, aksil uku, taya bibbiyu, da gefuna da ake cirewa, ita ce ke ɗaukar buhu yau, gobe siminti, jibi kwantena in tana da makullanta. Ka tsaya daga baya nesa kaɗan ka kalle ta. In bayanta ya lotsa a tsakiya kamar tsohon jaki, obalodi ya gama da ita. In tayoyin gefe ɗaya sun cinye ta ciki, aksil ya karkace, za ta yi ta cin taya har ranar da ka rabu da ita. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Taya mai zane mai kyau amma shekararta bakwai, zafin watan Afrilu zai fasa ta.

A nan ne za ka iya rage kuɗi ba tare da cutuwa ba. Ba dole kai da rimok su fito daga wuri ɗaya ba. Rimok ƙirar gida ko ta Najeriya da ke hannun wani a nan garin, kana iya zuwa ka gan ta sau uku, ka tambayi direbobin da suka ja ta, kuma ba ta da kuɗin jirgi. Sitan ta ɗaukar mai daga matatar SORAZ kuwa, ka cire ta a ranka yanzu. Tun da matatar ta fara aiki a 2011 mutane da yawa ke sha'awarta, amma tana son awon tanki da takardu na musamman da kwangila a hannu, ba wurin farawa ba ne.

Maganar obalodi kuma, dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta tsayar da tan 51, mota da kayanta, ga titan mai aksil shida. Na san abin da ake yi a hanya. Amma ko sikeli bai kama ka ba, tsohon shasi da tsofaffin tayoyi za su karɓi tararsu, kuma tasu ta fi ta hukuma tsada.

Takardu da kuɗin mutane

Wanda sunansa ke kan kartigiris shi za ka zauna da shi, ko wanda ke riƙe da wakilcinsa a rubuce. A nemo takardar da ke nuna ba a jinginar da motar a banki ba, da takardar biyan duwan ta asali. Motar gado kuwa sai duk magada sun sa hannu, na ga wadda aka tsayar shekara guda saboda ɗan'uwa ɗaya da ke Libiya bai yarda ba. A rubuta ciniki, shaidu su sa hannu, a kai a buga hatimin hukuma, a kuma faɗi la'adar dillali tun farko da wanda zai biya ta. Ka riƙe wani kaso na kuɗin har sai an sauya suna.

In ka ga 12 ba za su kawo titan mai lafiya ba, kuma zuciyarka na kanta, tarayya ta fi bashi. Wani ya kawo rimok kai ka kawo kai, a rubuta yadda za a raba riba da yadda za a raba gyara, domin a wurin gyara ake ɓatawa. Masu gudun riba suna iya tambayar tsarin murabaha a bankin musulunci, sai dai biyan wata-wata ba ya sanin damina ta zo lodi ya yi ƙasa.

Abin da na faɗa duka daga nesa ne, ban ga DAF ɗin nan ba, ban ji kukan injinta ba, kuma farashi na motsi da naira da halin hanya, shi ya sa ban yanka maka kuɗin kowace mota ba. Ka sa dillalin ya turo maka hoton lambar shasi a jikin ƙarfe, da farantin bayanan motar da ke bakin ƙofar direba, da bidiyon tayar da ita da safe wanda aka fara ɗauka tun hannu na kan injin, murfin mai a buɗe. Ka kawo mini su gareji tare da littafin dakonka na bara, da direban da kake niyyar ba wa, don shi ma ina son in ji ta bakinsa. In da hali kuma ka ƙulla cinikin cikin damina, lokacin da masu mota ke neman kuɗi, ka samu wata biyu na gyara kafin waken farko ya shigo kasuwa.